Kujerar bakin ƙofa: kwanakin neman taron masu barin giya

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Yau kwana tara rabona da giya. Na buɗe wannan littafi ne saboda likita ta ɗora mini aikin neman taron mutanen da ke fama da irin abin da nake fama da shi, ni kuwa na san halina. Abin da ban rubuta ba, zan iya rantse wa kaina cewa na yi shi alhali ko motsi ban yi ba. Shekara goma sha huɗu ke nan ina yi wa kaina irin wannan wayon.

Kafin komai, ga duk wanda zai karanta yana inda nake makonni biyu da suka wuce: in jikinka ya saba da sha kullum, kada ka yanke dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Bara na gwada haka, na ga tashin hankali. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe hannu ke fara karkarwa, ga gumi, ga tashin zuciya, barci ya ƙaurace. Wasu kan yi jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko. Mafi muni shi ne ruɗewar hankali da gane-gane, wanda kan zo daga kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma yana kisa in ba a kula ba. Likita ta kwatanta mini abin da mutum biyu masu tura ƙofa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar ta koyi turawa da ƙarfi don ta tsaya daidai. Ranar da giya ta janye ba zato, mai turawar sai ya tafi da ƙarfinsa ya kifa.

Wannan karon a hannun likita na yi. Ta ba ni takardar tambayoyi goma ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira AUDIT. Maki 40 ne iyakarta. Daga 8 an shiga haɗari, daga 20 kuwa ana kyautata zaton jiki ya riga ya kamu. Na ci 27, kuma ko a hakan sai da na rage a tambaya biyu. Aka ba ni maganin kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki ana rage shi sannu a hankali, da bitamin B1, aka duba hanta, sannan ta ɗora ni a kan naltrexone, mai rage daɗin da ƙwaƙwalwa ke samu daga giya. Da take miƙo mini takardar sai ta ce, "Malam, ƙwayar nan za ta rage maka ƙishi, amma ba za ta ɗauki waya ƙarfe goma na dare ba. Ka nemi mutane."

Alƙawarin da na yi mata: zan leƙa taro shida daban-daban kafin in ce wannan ya yi ko bai yi ba, kuma kafin ƙarshen Oktoba in tsai da ɗaya.

Alhamis, 4 ga Satumba

Dare uku ina karatu. Shi na fi iyawa in ina gudun aiki.

Uwar ƙungiyoyin ita ce Alcoholics Anonymous, AA a taƙaice. Ta samo asali ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka. Wani ɗan harkar hannun jari, Bill Wilson, ya je garin kan kasuwanci, harkar ta lalace, ƙishin giya ya taso masa bayan 'yan watanni da bari. Maimakon ya faɗa mashaya sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi su yi magana, aka haɗa shi da likitan tiyata Bob Smith. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Bill bai je don ya ceci likitan ba, kansa ya je ceta. A 1939 suka fitar da littafinsu mai ɗauke da matakai goma sha biyu. Sharaɗin zama ɗan ƙungiya ɗaya ne tak, wato son daina sha. Ba rajista, ba kuɗin shiga, ba mai tambayar cikakken sunanka.

Sai SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994. Su babu matakai, babu batun miƙa wuya ga wani ƙarfi da ya fi naka kamar yadda ake yi a AA. Dabarun masana halayyar ɗan Adam suke amfani da su a kan abu huɗu: ƙarfafa niyya, jure ƙishi idan ya taso, sarrafa tunani da ɗabi'a, da daidaita rayuwa. Akwai LifeRing, su ma ba ruwansu da addini. Akwai Women for Sobriety ta mata zalla tun tsakiyar shekarun 1970. Masu son addini a fili kuma suna da nasu: Millati Islami da Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989, da Celebrate Recovery ta Kiristoci tun 1991. Har da wata ta masu son rage sha ba dainawa ba. Na daɗe a kan wannan fiye da yadda ya kamata, sai na tuna da maki 27 ɗina, na wuce.

Ta fuskar hujja, a 2020 cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000. A cikin waɗanda ma'aikatan lafiya suka sada da AA ta hanya mai tsari, kusan 42 cikin 100 ba su kurɓa ba har shekara guda, a sauran hanyoyin jinya kuma 35. AA ta ɗan yi gaba ke nan. Amma ni lissafin da na yi shi ne 58 sun sake sha ko a inda aka fi samun nasara, don haka babu inda za a yi mini sihiri.

Na zana jadawali da layuka: nisa, lokaci, hujjar kimiyya, batun addini, yawan jama'a, kowanne da makinsa. Uwargida ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Baban yara, wannan taro kake nema ko digiri?" Ban tanka ba.

Talata, 9 ga Satumba

Na je har bakin ginin da ake wani taron AA. Na wuce ƙofar sau biyu kamar mai neman wani gida daban, na tsaya a tsallaken titi ina kallon masu shiga ko zan ga wanda na sani, har ƙarfe bakwai ta wuce. Sai na ce wa kaina shiga a makare rashin ladabi ne, na koma gida. A hanya ne ya faɗo mini cewa ko da na ga wanda na sani a ciki, ai abin da ya kawo ni shi ya kawo shi.

Taro: sifili cikin shida.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na shiga taron AA na intanet ta manhajar Zoom, kamara a kashe, sunan da na sa ma ba nawa ba ne. Buɗaɗɗen taro ne. A AA buɗaɗɗe na nufin kowa na iya halarta, ɗan'uwa ko ɗalibi ko mai son gani da ido, rufaffe kuma na masu son daina sha ne kawai. Mun haura sittin. Mutum ɗaya ya yi magana ta minti talatin a kan yadda yake da, abin da ya faru, da yadda yake yanzu, sannan aka buɗe wa sauran minti uku-uku.

Ba laifi. Ga wanda ke nesa da kowane taro, ko mai aikin dare, ko wanda kunya ta ɗaure kamar ni, wannan babbar ƙofa ce, don kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani ɓangare na duniya. Sai dai na lura ana tsakiyar magana ina duba saƙonni a waya. Da na fita babu wanda ya san na fita, tunda dama babu wanda ya san na shigo.

Talata, 16 ga Satumba

Na shiga.

Ɗaki ne ƙarami a bayan wani ginin jama'a, kujeru goma sha huɗu a zagaye, agogon bango yana gaba da minti biyar. A kan teburi akwai takardun karatu da aka lulluɓe da leda, gefensu duk ya murɗe saboda hannu. Wani dattijo mai sanda yana zaune daf da ƙofa. Ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Karon farko?" Na ce e, Baba. Ya nuna kujerar kusa da shi da bakin sandarsa. "Zauna nan. Ta sababbi ce, duk a kanta muka fara. Ta fi kusa da gudu."

Rufaffen taro ne na tattaunawa. Aka karanta gabatarwa, mai jagorancin ranar ya kawo maudu'i, aka fara zagaye. Kowa zai ce sunansa na farko ya ƙara da "ni mashayi ne," a amsa masa da gaisuwa. Ƙa'idar da ta ba ni mamaki ita ce ba a katse mutum, ba a mayar masa da amsa, ba a ba shi shawara a cikin zaman. Ka faɗi naka, a ce an gode, a wuce. Da farko na ga kamar rashin kulawa ne. Can na gane shi ya sa mutane ke iya faɗin abin da suke faɗa, don babu wanda ke jiran ka gama ya gyara maka zama.

Da aka zo kaina na ce yau saurare na zo yi. Aka ce madalla, aka wuce. Ko ido ba a ɗaga mini ba.

Wani mai matsakaicin shekaru ya ba da labarin yadda yake raba sayen giyarsa tsakanin masu sayarwa uku, yau nan gobe can, don kada ɗayansu ya gane yawan da yake sha. Ɗakin ya fashe da dariya, irin ta waɗanda aka taɓo musu inda yake ƙaiƙayi. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don na ɗauka ni na ƙirƙiro wannan dabarar, har ina jin kaina gwani. Abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake tsayawa, shi ya sa bayan an tashi na tambaye shi ko in rubuta wannan. Ya ce, "Rubuta mana, ai ba tawa ba ce ni kaɗai."

Aka zagaya da ɗan kwando. Ƙungiyar ba ta karɓar tallafi daga waje, da abin da 'ya'yanta suka jefa ake biyan hayar ɗaki. Na kai hannu aljihu, Baba ya dafe mini hannu ya ce baƙo ba ya sakawa. Kafin in fita aka miƙo mini takarda da lambobin waya huɗu, duka na maza. Haka suke yi, maza ga maza, mata ga mata.

A jadawalina wannan taron shi ne na uku a maki. Ya fi nisa, kuma lokacinsa ya ci karo da tashina daga aiki.

Asabar, 20 ga Satumba

Wanda ya zo na ɗaya a jadawali. Kusa da gida, zaure babba, mutum wajen hamsin, sunan ƙungiya ɗaya da na Talata. Gani ya kori ji.

Mai jawabin ya kwashe kusan duk lokacinsa yana labarin shan da ya yi, da irin kwalaben, da irin dararen, yana yi yana lumshe ido. Batun yadda ya bari bai samu ko minti uku ba. Na fito ina jin ƙishin da rabona da shi tun makon farko.

Ba shi ne ya fi ɓata mini rai ba. A bakin ƙofa wani ya tare ni da tambayoyi, da ya ji ina shan naltrexone sai ya kaɗa kai ya ce, "Ɗan'uwa, in da ƙwaya kake tsaye ai ba ka bari ba tukuna, ka canza kwalba ne." Na kwana da maganar. Da na kira likita ta ce maganin ba ya bugarwa kuma ba a kamuwa da shi, haka ma acamprosate da disulfiram da ake bayarwa don wannan ciwo, kuma kada in kuskura in ajiye shi kan maganar bakin ƙofa. Daga baya na ga ita kanta AA tana da 'yar takarda a kan magunguna da ke cewa kada ɗan ƙungiya ya mai da kansa likita. Mutumin ra'ayinsa ya faɗa, ya sa masa rigar ƙungiya.

Na kuma ga wani yana ta shisshige wa wata yarinya da alama ranar ta fara zuwa, har sai da wata dattijuwa ta zo ta ja hannunta ta ce, "Zo nan, 'yata, ki zauna kusa da ni." Allah ya saka wa matar nan. Amma wurin da sai an yi irin wannan ceto, ni dai ba zan kai ƙanwata ba.

A tsarin AA kowane rukuni gashin kansa yake ci, ba wani ofishi da ke turo mai duba yadda ake gudanarwa. Sunan da ke jikin ƙofa bai gaya maka komai game da mutanen da ke ciki ba. Da a ce nan na fara zuwa, da na ce na ga AA, ban koma ba har abada.

Laraba, 24 ga Satumba

SMART, ta intanet, mu goma sha ɗaya da mai gudanarwa wadda aka horar don aikin. A nan ana mayar wa juna magana, har ana so a yi. Ba wanda ya ce "ni mashayi ne," don ba sa son mutum ya liƙa wa kansa lamba.

Ta sa muka raba takarda gida huɗu: ribar sha, asarar sha, ribar bari, asarar bari. Na yi mamaki da aka ce in rubuta ribar sha da gaske, ba da kunya ba. Na rubuta: barci da wuri, mantuwar bashi, sakin baki a cikin mutane. Sai ta ce kowane layi mu sa masa alama, na ɗan lokaci ne ko mai daɗewa. Duk ribar shan ta 'yan awoyi ce, duk asararsa ta shekaru. Abu ne da na sani, amma ban taɓa ganinsa da rubutun hannuna ba.

Sannan wata dabara da suka ɗauko daga masanin halayya Albert Ellis: abin da ya faru, abin da ka gaya wa kanka game da shi, da abin da ya biyo baya. Nawa misalin, shugabana a wurin aiki ya yi mini faɗa gaban mutane, na sha. Ta ce akwai abin da na tsallake a tsakiya. Na yi shiru, can na ce, "Na gaya wa kaina ba zan iya kwana da wannan wulaƙancin ba sai na kashe shi." Ta ce to, gaskiya ne ba za ka iya ba, ko dai ba daɗi ne kawai? Wannan tambayar ta biyo ni har gado.

Kaina ya fi son wannan taron fiye da duk sauran. Amma da aka gama allon ya yi baƙi, na ga fuskata a ciki, ni kaɗai a ɗaki.

Lahadi, 28 ga Satumba

Batun imani. A matakin farko na AA mutum zai amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, a na uku kuma ya miƙa al'amarinsa ga Allah gwargwadon yadda ya fahimce Shi. Waɗanda ba su da addini nan suke tuntuɓe. Ni nawa tuntuɓen daban ne: ina tsoron a cusa mini addu'ar da ba tawa ba, don wasu rukunan da addu'ar Kirista suke rufewa. Na Talata da gajeren roƙon natsuwa suke rufewa, wanda bai so ba ya yi shiru, ba mai kallonsa. Na tambayi Baba, ya ce, "Ɗana, mu nan ba mu zo raba wa kowa Ubangiji ba. Ka zo da naka."

Na leƙa na Millati Islami ta intanet. Matakan nan ne goma sha biyu aka daidaita da Musulunci, ana maganar tuba da tawakkali kai tsaye. A nan ne karon farko na ji wani ya faɗi abin da ya fi cin raina, wato tsayuwa salla da warin daren jiya a baki. Na yi kuka, kamara a kashe. Matsalar bambancin agogo ne, yana faɗo mini a tsakar dare, likita kuma ta ce rashin barci abokin ƙishi ne.

Uwargida ta je taron iyalan mashaya, Al-Anon, wanda Lois matar Bill Wilson na cikin waɗanda suka kafa a 1951. Ta dawo da magana uku da aka koya musu: ba ita ta jawo shan ba, ba za ta iya juya shi ba, ba kuma za ta iya warkar da shi ba. Tun ranar ta daina laluben aljihuna in na dawo. Abin mamaki, hakan ya fi laluben nauyi a kaina.

Alhamis, 2 ga Oktoba

LifeRing, na shida. Tambaya ɗaya ake zagayawa da ita: yaya makonka ya kasance? Ba a tone-tonen tsohon tarihi. Mutanen kirki, amma bai ƙara mini komai a kan na Laraba ba. Alƙawarin shida ya cika. Kwana 40.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na sha jiya. Kwana 47 sun tafi.

Zan rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin ba. Ranar Talata ban je ba. Na ce aiki ne, gaskiyar kuwa na fara jin kamar na warke, kuma tunda na cika shida ai na sauke nauyi. Ƙarfe tara na dare saƙon Baba ya shigo: "Ɗana, kujerarka ta kwana ba kowa. Lafiya?" Na karanta na kife wayar. Laraba na manta ƙwaya, Alhamis na manta da gangan. Juma'a aka yi rigima a wurin aiki, na wuni ban ci komai ba, uwargida da yara ba sa gida. A taro sun sha gargaɗi da abu huɗu: yunwa, fushi, kaɗaici, gajiya. Duka huɗun na haɗa. Takardar lambobin nan tana cikin walat ɗina, na taɓa ta ma lokacin da nake ciro kuɗin biya.

Da safe na je wurin likita. Ta duba ni, ta ce in koma kan magani yau, in kuma karkarwa ko ruɗewa ta taso in dawo nan take. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya kawai, "Wa ka gaya wa?"

Tun ɗazu nake juya tambayar. Na Laraba zan iya gaya musu ba tare da gabana ya faɗi ba, zan ma iya ɓacewa ba wanda zai neme ni. Fuskar da nake jin nauyin haɗa ido da ita ta Baba ce. A jadawalina babu layin da na ware wa wannan.

Laraba, 15 ga Oktoba

Jiya na je. Na zauna a kujerar bakin ƙofa, da zagaye ya zo kaina na faɗi sunana na gaskiya, na ce ni mashayi ne, na sha ranar Juma'a, yau kwanana huɗu. Muryata ta shaƙe a "huɗu." Aka ce, "Mun gode da ka dawo." Na gaba ya ɗauka.

Bayan an tashi Baba ya riƙe ni a waje. Ya ce shi sai a karo na uku ya tsaya. Sannan ya ce, "Me ya hana ka kira?" Na ce kunya, Baba. Ya ce, "To ga shi ka biya kunyar da riba. Daga gobe ka kira mutum ɗaya kullum, ranar da ba komai, ku gaisa kawai. Hannun da bai saba danna lamba da rana ba, ba zai iya da dare ba."

Yau kuma na faɗa a SMART. Mai gudanarwa ta ce kwana 47 ɗin ba su goge ba, hanta ta san da su, yara ma sun sani. Muka bi sarƙar baya-baya har muka kai ga Talatar da na ƙi zuwa. A ganinta shan bai fara ranar Juma'a ba.

A kan komawa ƙirga daga ɗaya ina da ja da AA. Na ga yadda zai iya sa mutum ya ce tunda ta zube bari in ƙarasa, ni ma daren Juma'a wannan tunanin ne ya kai ni kwalba ta biyu. Amma ba zan musa ba, faɗin "huɗu" a gaban mutane goma sha uku ya toshe mini hanyar cewa ɗan kuskure ne ba komai ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Na tsai da shawara. Talata ita ce gida. Laraba ina riƙe da ita don dabarun da ake koyarwa, ba wanda ya ce sai ɗaya. Millati Islami sau ɗaya a wata, daren da washegari ba aiki. Asabar na sallame ta. Na roƙi a sauya mini lokacin tashi ranar Talata, na ce ina da wani zama na lafiya kowane mako, ba a tambaye ni ƙari ba.

Na nemi Baba ya zama jagorana, wato wanda zai bi da ni matakan ɗaya bayan ɗaya kuma in kira shi in ta ɓaci. Ya ƙi. Ya ce yana da mutum uku a hannu, kuma ƙarfe tara yake kwanciya, ni kuwa ciwona na dare ne. Raina ya ɗan sosu. Ya nuna mini mai masu sayarwa ukun nan, shekararsa shida da bari. Na same shi yana naɗe takardun karatu, na ce, "Yaya, Baba ya turo ni." Ya ce ya sani. Sharuɗɗansa: ba ya ba da rance, ba ya maganar magani don wannan na likita ne, kuma in kira kafin, ba bayan ba. Mu gwada wata ɗaya, in bai yi mini ba in canza, ba gaba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Kwana 25. An ba ni aikin jera kujeru, don haka sai na riga kowa da minti ashirin. Makullin yana cijewa, sai an ɗan ja ƙofar baya sannan ya juya. Na jera sha huɗu, mutum sha bakwai suka zo, uku suka tsaya har na ɗauko ƙari a ɗakin ajiya. Na tambaya ko in gyara agogon bangon, aka ce in bar shi, da gangan ne.

Yaya ya ba ni aikin matakin farko: in rubuta lokuta goma da na yi niyyar kofi ɗaya na zarce. Na kai bakwai na tsaya, ba don sun ƙare ba. Har yanzu muna ja-in-ja da shi a kan kalmar "fin ƙarfi." Na ce a Laraba ana koya mini ina da zaɓi. Ya ce zaɓin yana nan har zuwa kurɓar farko, daga nan kuma in duba bakwai ɗin da na rubuta.

Mako mai zuwa aiki zai kai ni wani gari na kwana biyar, karon farko da zan kwana a otal tun Agusta. Mun zauna da Yaya mun nemo taro biyu a can, ɗaya Talata ɗaya Alhamis, na kira lambar da ke jikin sanarwar don in tabbatar har yanzu ana yi, tunda jerin da ke intanet kan tsufa. Na Alhamis ɗin ashe ya koma wani gini tun bara. Zan roƙi otal su kwashe abin da ke cikin ɗan firjin ɗakin kafin in iso. Ƙwaya biyar na ƙirga a leda, da biyu na ko-ta-kwana. Makullin ɗakin taro zan kai wa Yaya ranar Lahadi, in nuna masa yadda ake jan ƙofar.